Shin antibodin da jiki ke haɗawa suna iya riƙe HIV su kaɗai?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga unguwar Aboabo a Kumasi ya rubuto yana cewa: "Ƙanena ya yi gwaji an ce yana ɗauke da HIV, alhali lafiyarsa ƙalau, kullum yana fita kasuwa. Ma'aikaciyar jinya ta gaya mana cewa gwajin ba ƙwayar cutar yake gani ba, sinadaran kariya ne da jiki ya haɗa domin yaƙar ta. Yanzu wasu a gida suna cewa tun da jikinsa yana yaƙi da kansa, a jinkirta maganin asibiti, a saya masa maganin ƙarin jini. Mene ne ainihin aikin waɗannan sinadarai, kuma za su iya riƙe cutar su kaɗai?"

Amsa: Malam, Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya saka maka da alheri a kan tsayawar da ka yi masa. Abin da ma'aikaciyar jinyar ta faɗa gaskiya ne, amma hukuncin da mutanen gida suka ɗora a kansa bai tsaya ba. Sinadaran nan, waɗanda likitoci ke kira antibodi, suna nan a jinin kusan duk mai ɗauke da HIV, da yawa ma kuwa, sai dai ba su kawar da cutar, kuma ba su ne ke hana ta kai mutum ga ƙanjamau ba. Ban ga laifin mutanen gida ba, domin a cututtuka da dama tunaninsu daidai yake. Wanda ya yi ƙyanda ya warke, antibodinsa na tsare shi har ƙarshen rayuwa, wanda aka yi wa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ma suna tsare shi shekaru masu yawa. HIV ce ta fita daban, kuma dalilin fitarta daban shi ne abin da ya kamata a fahimta.

Antibodi furotin ne da wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin B, suke haɗawa, kuma kowane ɗaya an yi shi ne daidai da siffar wani ɗan sashe na baƙon abin da ya shigo jiki, ta yadda in ya gamu da wannan siffa sai ya manne mata. Gwajin gaggawa da aka yi wa ƙanenka a kan wannan mannewar ya dogara. Ana huda ɗan yatsa, a ɗiga jini a wani ɗan rami da ke jikin robar gwajin, a bi shi da ɗigon ruwan sinadari, sannan a jira kamar minti 15 zuwa 20. A cikin robar akwai siririyar takarda da aka shafa wa gutsattsarin furotin na HIV a kan layi. Idan jinin yana ɗauke da antibodin da suka san waɗannan gutsattsari, sai su maƙale a wurin, layi ya fito. Layin yana shaida cewa jiki ya taɓa gamuwa da cutar, bai ce komai ba game da wanda ke cin nasara tsakaninsu. Da yake HIV ba ta barin jiki in ta zauna, samun antibodi a jinin babban mutum yana nufin tana nan. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a tabbatar wa mutum yana da ita sai gwaji iri uku daban-daban sun nuna haka a jere. Akwai kuma tazarar da gwajin antibodi ba ya ganin komai a cikinta, daga kamar kwana 23 har zuwa 90 bayan kamuwa, shi ya sa ake cewa wanda ya yi gwaji da wuri ya dawo ya sake.

Wannan tazara ita ce mafarin matsalar. A kamar kashi 80 cikin 100 na kamuwa ta hanyar saduwa tsakanin namiji da mace, ƙwayar cuta guda ɗaya tak ce ke kafa cutar. A kwana goman farko ba a ganin ta a jini, tana can tana hayayyafa a inda ta shiga da kuma cikin kaluluwa. Daga nan sai ta bazu, yawanta ya haura har miliyoyi a cikin mililita ɗaya na jini. Antibodin farko suna bayyana kamar mako biyu bayan an fara ganin cutar a jini, kuma yawancinsu suna kama wani sashe ne na furotin ɗin da ke bayan ƙwayar cutar, wanda ake kira gp41, a irin siffar da yake ɗauka bayan ya lalace ko ya gama aikinsa, don haka ba su hana cutar shiga ƙwayoyin jiki. Gaskiya ne yawan cutar yana faɗuwa sosai bayan 'yan makonni, amma faɗuwar tana zuwa ne daidai da tasowar wasu sojojin jiki na daban, wato ƙwayoyin CD8, masu kashe ƙwayoyin da cutar ta riga ta shiga. An nuna wannan a jikin mutane a 1994, kuma a 1999 da aka cire wa birai ƙwayoyin CD8 sai yawan cutar ya yi tashin gwauron zabi. Antibodin da ke iya toshe wa cutar hanya da gaske ba su fitowa sai bayan kamar wata uku ko fiye, lokacin da aikinsu ya zama ihu bayan hari.

Ko da sun fito ɗin ma, a baya suke tafiya. A 2003 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka, ta Douglas Richman da ta George Shaw, suka bi sababbin kamuwa suna ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci, suna ware ruwan jinin da ke ɗauke da antibodi gefe guda, ƙwayar cutar gefe guda, sannan su riƙa haɗa su a ɗakin gwaji. Ruwan jinin da aka ɗiba a wata na shida yana kama cutar da aka ɗiba a farkon kamuwa da ƙarfi, amma da ƙyar yake taɓa cutar da aka ɗiba tare da shi a rana ɗaya. Na wata goma sha biyu yana kama ta wata shida, ba ya kama tasa. Haka abin ke ci gaba shekara da shekaru. Lamarin ya yi kama da telan da ya auna yaro, bai gama ɗinki ba sai bayan watanni: rigar ta yi kyau, ɗinkin ba shi da aibi, amma yaron da aka auna ba shi ne ya zo karɓa ba. A ganina wannan binciken shi ne ya fi kowane amsa tambayarka, domin ya nuna abu biyu a lokaci guda. Antibodi suna da ƙarfi, tun da suna shafe tsohon nau'in cutar gaba ɗaya su tilasta mata canza kama, amma ƙarfin nasu ba ya rage yawanta a jini, domin kafin su gama da wancan nau'in wani ya riga ya maye gurbinsa.

Saurin canzawar daga lissafi yake. Kundin gadon HIV bai kai haruffa 10,000 ba, kuma sinadarin da ke kwafe shi ba ya gyara kuskure, yana yin kuskure ɗaya a kamar kowane haruffa 30,000, wato kusan kwafi ɗaya cikin uku yana fitowa da wani sabon sauyi. A jikin wanda ba ya shan magani kuwa ana samar da sababbin ƙwayoyin cutar kimanin biliyan 10 a kowace rana. Da irin wannan yawa, duk sauyin da zai ba cutar damar zille wa wani antibodi ya riga ya faru tun kafin antibodin ya yawaita.

Ginin cutar ma yana taimakonta. Abu ɗaya kaɗai na kanta take nunawa a waje, wasu ƙayoyi ne da aka gina da furotin biyu, gp120 da gp41, waɗanda da su take kama ƙwayar CD4, wata farar ƙwayar jini mai jagorantar garkuwar jiki, ta kutsa ciki. Ƙayoyin ba su da yawa, kamar 7 zuwa 14 ne a kan kowace ƙwaya, alhali ƙwayar mura tana da ɗaruruwa, saboda haka antibodi, wanda hannu biyu gare shi, ba safai yake samun ƙayoyi biyu kusa da juna da zai riƙe gam ba. Kusan rabin nauyin gp120 kuma sukari ne da cutar ta samo daga jikin mutumin kansa ta lulluɓe ƙayar da shi, garkuwar jiki kuwa ba ta kai wa abin da ta sani nata ne hari. Wuraren da ba su iya canzawa, kamar inda ƙayar ke kama CD4, suna cikin lungu, kewaye da sassan da ke canzawa kullum. A kan wannan kuma, ƙwayoyin B ba su iya gyara antibodinsu su ƙara masa kaifi sai da taimakon ƙwayoyin CD4, su kuwa su ne ainihin abin da cutar ke cinyewa. Abu mafi wuya shi ne maɓoya. Tun a kwanakin farko HIV tana dasa kundinta a cikin kundin gadon wasu ƙwayoyin CD4 da ke kwance ba su aiki, ba ta nuna ko ƙaya ɗaya a bayansu, don haka babu abin da antibodi zai gani. Binciken ƙungiyar Robert Siliciano ya nuna cewa ko ana shan magani, sai an yi kamar wata 44 kafin wannan maɓoya ta ragu da rabi.

Ba ina cewa antibodin da ba su toshe hanya ba su da amfani ko kaɗan ba. Wasunsu suna manne wa ƙwayar jikin da ta kamu, su zama alama ga wasu sojojin jiki su zo su kashe ta. Gwajin allurar rigakafi guda ɗaya da ya taɓa nuna ɗan tasiri, wato RV144 da aka yi a Tailan da mutum fiye da 16,000, aka sanar da sakamakonsa a 2009, ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, kuma nazarin da ya biyo baya a 2012 ya danganta kariyar da irin waɗannan antibodi masu kama wani sashe na gp120. Sai dai da aka sake gwada makamanciyar allurar a Afirka ta Kudu, an dakatar da gwajin a Fabrairun 2020 domin ba ta kare kowa ba.

Akwai kuma mutanen da jikinsu ke yin abin mamaki. Kamar kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na masu ɗauke da HIV, bayan shekara biyu zuwa huɗu ko fiye, suna haɗa antibodi masu faɗin kamu, waɗanda ke iya toshe nau'o'in cutar da yawa daga ƙasashe daban-daban, domin sun koyi kai hannu ga lungunan nan da ba su canzawa. Mutum zai zaci waɗannan ne suka fi kowa sa'a, amma ba haka ba ne. Cutar da ke jikinsu ita ce ta horar da antibodin, kuma ta riga ta san hanyar zille musu, don haka suna iya kama cutar kowa ban da ta mai su. An fi samun su ma ga waɗanda suka daɗe da yawan cuta a jini ba tare da magani ba, kuma ciwon nasu yana ci gaba kamar na sauran. Waɗanda jikinsu ke danne cutar da kansa ba magani, kuma ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, sirrinsu ya fi alaƙa da ƙwayoyin CD8 da wasu siffofin gado kamar HLA-B57, antibodinsu kuwa sau da yawa ba su da wani ƙarfi na musamman. Inda za a iya cewa antibodi suna da rawar da ta fi haka shi ne HIV-2, nau'i na biyu na cutar, wadda aka gano a 1986 a jinin mutanen nan Afirka ta Yamma, kuma akwai ta kaɗan a Gana. Masu ita suna da antibodi masu ƙarfi da faɗin kamu, cutar kuma tana tafiya a hankali, amma ko a nan ɗin ba a ga cewa wanda ya fi ƙarfin antibodi shi ya fi ƙarancin cuta a jini ba.

Dangane da ƙanenka, lafiyar da yake ji ba hujja ba ce ta cewa jikinsa ya riƙe cutar. Mai HIV-1, nau'in da ya fi yawa, yakan yi shekara takwas zuwa goma ba ya jin komai, alhali CD4 ɗinsa na raguwa a hankali, har ranar da tarin fuka ko wata cuta za ta samu ƙofa. An gwada wannan tambayar ta jinkiri kai tsaye a binciken START, wanda aka yi a ƙasashe 35 da mutum fiye da 4,600 masu CD4 sama da 500, wato masu lafiya irin ƙanenka. Waɗanda aka fara ba magani nan take sun samu raguwar munanan cututtuka da mutuwa da kashi 57 cikin 100 a kan waɗanda aka jinkirta musu. Bayan sakamakon nan na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani da zarar an tabbatar, Gana kuma ta ɗauki tsarin a 2016. Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati. Yana hana cutar kwafe kanta, in kuwa ba kwafi to ba sauyi. Abin da za a riƙa dubawa shi ne yawan cutar a jini, a wata shida, a wata goma sha biyu, sannan shekara-shekara, kuma wanda nasa ya tsaya ƙasa da kwafi 200 a mililita ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa.

Maganin ƙarin jini ba ya ƙara antibodin da ke kama HIV, kuma ƙarancin antibodi ma ba shi ne matsalar ba, domin jinin wanda ba ya shan magani yakan cika da su fiye da na mai lafiya. Akwai kuma haɗarin da ya kamata ka sani. Yawancin magungunan ƙarin jini da ake sayarwa a kemis suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi kuwa da sinadarin kalsiyam suna riƙe dolutegravir a ciki su hana shi shiga jini yadda ya kamata. In likita ya ga yana buƙatar ƙarin jinin, to ko dai a sha su tare da abinci, ko a sha maganin HIV awa biyu kafin na ƙarin jinin, ko awa shida bayansa. Kada kuma ya koma yin gwajin gaggawa bayan ya fara magani domin ya ga ko ya warke. Wanda ya fara magani da wuri ko ya daɗe a kansa, antibodinsa kan ragu har layin ya dusashe, musamman a gwajin da ake yi da ruwan baki, alhali cutar tana nan a maɓoyarta. Da irin wannan sakamakon ne wasu masu iƙirarin warkarwa ke yaudarar mutane su bar magani, cutar kuwa takan dawo jini cikin 'yan makonni.

Idan yana da iyali, a gwada matarsa da 'ya'yansa. Jarirai lamarinsu daban ne, domin antibodin uwa suna ratsa mahaifa su zauna a jinin jariri har zuwa wata 18, ko ya kamu ko bai kamu ba. Saboda haka ba a yanke hukunci a kansu da gwajin antibodi. A mako na shida ana huda diddigen jaririn, a ɗiga jini a cikin wasu da'irori da ke kan kati, a bar shi ya bushe, a aika ɗakin gwaji inda ake neman kundin gadon cutar kanta.

Inda antibodi suke da makoma ta gaske shi ne idan sun riga cutar isowa. Tun da ƙwaya guda ce takan kafa cutar, antibodi mai faɗin kamu da ke jira a jini zai gamu da ita tun ba ta hayayyafa ta rarrabu ba. Masu bincike sun ciro irin waɗannan antibodi daga jinin masu su suna haɗa su a masana'anta: PG9 da PG16 a 2009, VRC01 a 2010, wanda ya toshe kamar kashi 90 cikin 100 na nau'o'in da aka gwada shi da su a ɗakin gwaji, da CAP256 da aka samu daga wata mata a KwaZulu-Natal da ke Afirka ta Kudu. An gwada VRC01 a jikin mutum fiye da 4,600, matan Afirka da kuma mutane a nahiyar Amurka, ana sa musu shi ta hanyar ƙarin ruwa kowane mako takwas. Sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna kariya ba idan aka haɗa kowa, amma a kan nau'o'in da ke jin wannan antibodi sosai kariyar ta kai kashi 75 cikin 100, sai dai nau'o'in ba su wuce kamar kashi 30 cikin 100 na masu yawo ba. Darasin da aka ɗauka shi ne wanda aka riga aka koya a magunguna, cewa guda ɗaya ba ya isa, sai an haɗa biyu ko uku masu kama wurare daban-daban. A 2018 ƙungiyar Michel Nussenzweig ta haɗa biyu ga mutanen da aka dakatar wa magani a ƙarƙashin kulawa, kuma tara da cutarsu ke jin antibodin sun yi matsakaicin mako 21 ba ta taso ba. A Botswana an gwada haɗin biyu ga yara 25 da suka fara magani tun makon haihuwa, 11 daga cikinsu suka yi mako 24 a danne ba tare da maganin baki ba. Duk wannan bincike ne, babu ko ɗaya da aka amince a riƙa bayarwa a asibiti. Allurar lenacapavir ta sau biyu a shekara da ake ta magana a kanta kuma ba antibodi ba ce, ba kuma allurar rigakafi ba ce irin ta ƙyanda, magani ne mai daɗewa a jiki.

Sa jiki ya haɗa irin waɗannan antibodi da kansa ta hanyar allurar rigakafi shi ne aikin da ya gagara har yanzu. VRC01 ya bambanta da asalin da ya fito daga gare shi da kusan kashi 30 cikin 100, alhali antibodin da allurar rigakafi ta saba haifarwa ba su kaiwa kashi 10, kuma ƙwayoyin B da za su iya fara wannan doguwar tafiya 'yan ƙalilan ne a jiki. Dabarar da ake bi yanzu ita ce a yi allurai a jere, ta farko ta tayar da waɗannan ƙwayoyin B, na baya su riƙa karkata su mataki-mataki. Matakin farko ya yi nasara a wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2022, inda mutum 35 cikin 36 suka nuna farkon amsar da ake nema. Mu a nan muna da wani abin lura na musamman, domin nau'in da ya fi yawa a Gana da maƙwabtanta shi ne CRF02_AG, alhali manyan gwaje-gwajen antibodi an yi su ne a inda nau'in B da nau'in C suka fi yawa. Kafin a ce wani haɗi zai kare mutanen Asawase a Kumasi ko Nima a Accra, sai an gwada shi da ƙwayoyin cutar da aka ɗiba daga jinin mutanen wannan yanki.